Garka a Tsaye: Shirin Faɗakarwa ga Makarantun Tasawa da Mayahi

(Kiɗan buɗe shiri)

  Gaisuwa ga mutanen Tasawa cikin gari, da na Maijirgi, da Korgom, da Hawan Dawaki, da Urafan. Gaisuwa ga na Mayahi, da Kanambakashe, da Sarkin Hausa, da duk garuruwan da ke bakin Gulbin Kaba. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, sannunku da aiki. Malaman makaranta kuwa, yau da ku da ɗalibanku za mu yi, saboda haka wanda ke kusa da alƙalami ya jawo shi, akwai ɗan lissafi a gaba.

Zancenmu na yau a kan garkar makaranta ne, amma ba wadda aka saba shimfiɗawa a ƙasa ba. Wannan a tsaye take, tana hawa sama, kuma da hannun ɗalibai za a gina ta, da katakon nan da ake ɗora kaya a kansa cikin manyan motoci da ɗakunan ajiya, wanda 'yan kasuwa ke kira palet.

Manyanmu za su tuna shekarar 1984, lokacin da fari ya ƙone gonaki, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta tashi tsaye a kan noman rani. Tun daga nan garka ta shiga jinin mutanen ƙasar nan, makarantu ma ba a bar su a baya ba. Sai dai duk wanda ya yi karatun lakwal ya san yadda garkar makaranta ke ƙarewa. A watan Nuwamba a yi kunyoyi, a zuba iri, yara su yi ta murna. Ranar Litinin a dawo a tarar akuya ta shiga ta yi kiwonta, domin makarantunmu da yawa ba su da katanga. In an tsira daga akuya, jan ruwa ya gajiyar da yara. Yashin da ke harabar makaranta kuwa ko guga goma ka juye masa, kafin azahar ya shanye. A cikin gari ga ƙarancin fili: ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Tasawa da ta Mayahi kowacce ta haura mutum dubu 500, kuma tun daga lokacin ƙaruwa muke. Filin da jiya ake wasan ƙwallo, yau an kafa aji a kansa.

To, a nan garkar tsaye ke da abin cewa. Faɗin tabarma ɗaya ya ishe ta. Shinge kaɗan ya kewaye ta. Ruwan da aka zuba a sama, in ya ratsa ya sauko, tukunyar da ke ƙasa ce ke sha, ba yashi ba.

Dabarar ba tamu ba ce mu kaɗai. A Faransa akwai wani masanin tsirrai, Patrick Blanc, wanda ya yi suna da lulluɓe bangayen manyan gine-gine da ganye, har da bangon wani gidan tarihi da aka buɗe a birnin Paris a 2006. Nasa bangon babu ƙasa a ciki, injin ke tura ruwa da taki ta cikin bututu. Abin sha'awa ne, amma ado ne na masu wuta da famfo dare da rana, ba shi ne abin koyinmu ba. Abin koyinmu yana Dakar. A 1999 gwamnatin Senegal tare da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, suka fara koya wa mutanen birni, galibinsu mata, noman kayan miya a kan 'yan teburan katako, da yawa daga irin wannan palet aka harhaɗa su. Kun san abin da suke zubawa a maimakon ƙasa? Ɓawon gyaɗa, da ɓuntun shinkafa, da tsakuwar marmara. Ɓawon gyaɗa fa, jama'a, wanda a nan jahar Maraɗi ke tsibi-tsibi a bayan gida bayan an gama ɓara. Aikin ya yaɗu cikin unguwanni da makarantu, har ya samu lambar yabo ta Dubai a 2008. Hukumar FAO ta ce tebur mai faɗin mita ɗaya a tsawon mita ɗaya na iya ba da salati 36 cikin kwana 60. Sai dai mu lura, Dakar a bakin teku take, iskarta da laima. Tamu busasshiya ce, kuma a Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40. Ruwan da ya ishe su ba zai ishe mu ba, saboda haka ba za mu kwafi nasu ido rufe ba. A Kibera ta birnin Nairobi kuma, inda gida ke manne da gida, cikin buhu suke shuka: a cika buhu da ƙasa, a tsayar da shi, a huda gefensa, ganye ya fito ta ko'ina.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu mu zo kan katakon kansa. A nan zan daɗe, domin abin da yaro zai ci ne muke magana a kai.

Ba kowane palet ne ya dace da shuka ba. Tun 2002 ƙasashen duniya suka amince da wata ƙa'ida: katakon da zai tsallaka iyaka ɗauke da kaya, sai an kashe ƙwarin da ke cikinsa, a kuma buga masa hatimi. Ku duba gefen katakon, a jikin guntayen da ke riƙe da shi, za ku ga zane mai kama da zangarniyar alkama, da haruffa biyu na ƙasar da ya fito, da wasu lambobi. Abin da za ku nema haruffa biyu ne na ƙarshe. In kun ga H da T, da zafi aka gasa shi, har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30. Wannan shi muke so. In kun ga M da B, da iskar guba aka turara shi. Wannan ku bar shi, kada ya kusanci abinci, kada kuma a ƙona shi a murhu. Malam, wannan kaɗai darasi ne na yini guda: a kai yara gaban katako, su karanta hatimin da kansu, su nemo ƙasar a taswira.

Amma hatimi ba ya faɗa maka abin da katakon ya ɗauko a hanya. Wani ya sha maganin ƙwari da ya tsiyaye daga jarka, wani gas-oil, wani ruwan batir. Katako yana tsotse abu ya riƙe. Don haka a duba da ido, a sansana da hanci, a tambayi mai shi. In akwai tabon mai, ko wari, ko wani launi da ba a gane ba, a haƙura da shi ko da kyauta aka bayar. Wanda ya ɗauko shinkafa, ko sukari, ko katan-katan na littattafai, shi ne namu. Haka zancen yake ga jarkokin da za a yanka a yi tukwane: ta man gyaɗa ko ta ruwa, a wanke a yi amfani da ita. Jarkar maganin feshi kuwa, wallahi ko sau nawa aka wanke ta, ba ta shiga garkar yara. Ina roƙon iyaye ku riƙe wannan, har a gidajenku.

Sai kusoshi. Tsohon palet cike yake da kusa mai tsatsa da sartse. Babba ne zai fara bi ya cire ko ya lanƙwasa su, a goge bakin katakon, kafin yaro ya sa hannu. In kusa ta soki yaro, a wanke da ruwa da sabulu a kai shi likita a ranar, saboda ciwon sarƙe haƙora.

Wani zai ce, mai gabatarwa, a Tasawa ai palet ba shara ba ne. Gaskiyarka. A wasu ƙasashe zubar da shi ake yi, mu kuwa a nan kafinta na jiran sa ya yi benci, ko ƙofa, ko teburin mai shayi. Kuɗi ne. Shi ya sa ban ba da shawarar makaranta ta taɓa 'yan kuɗin kwamitin iyaye ta sayo guda goma ba. A nemi biyu ko uku wurin wani attajiri ko mai ɗakin ajiya da ɗansa ke makarantar, a fara da su. Inda babu, kamar ƙauyukan arewacin Mayahi, ba a fasa ba. Mu ne fa mutanen sassabin zamani. Tun 1983 da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya fara aiki da manoman jahar Maraɗi a kan kyale kututture ya tofo a riƙa yi masa aski, manoman ƙasar nan suka rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai kadada kusan miliyan 5, har mutane ke zuwa daga nesa su gani a wurare irin su Ɗan Saga. Rassan da ake sarewa wajen askin nan sun isa a kafa dirka huɗu, a gitta sanduna, a ɗaure da igiyar kaba, wadda mutanen Gulbin Kaba suka fi kowa iya tufka ta. Ba sai an sare gawo ko ɗaya ba.

Ga lissafin da na ce ku shirya masa. Palet irin na Turai tsawonsa santimita 120, faɗinsa 80. In aka toshe bayansa da buhu aka cika cikinsa da ƙasa mai kaurin santimita 10, lita nawa ke nan? 'Yan aji shida, ku buga. Lita 96. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai yashi kuwa, kowace lita ta kai kilo ɗaya da rabi. Ke nan muna maganar kilo 140 da ɗoriya, ban da nauyin katakon kansa. Ya fi buhun hatsi. Irin wannan in ya kife kan ɗan aji ɗaya, ba ƙaramin abu ba ne. Don haka ni dai ban son a cika cikinsa gaba ɗaya. Na fi son a mai da shi kamar kantar da iyayenmu mata ke jera kwanoni: a tsayar da katakon, a rataya yankakkun jarkoki ko aljihunan buhu a jikin kowane layi, kowace tukunya da 'yar ƙasarta. Nauyi ya ragu, kuma in tsiro ɗaya ya kamu da cuta, a sauke tukunyarsa kawai.

A kafa shi da dirkoki biyu da aka binne da kyau, a ɗan kwantar da kansa baya, a ɗaure da waya. Kada a jingina shi da katangar laka, domin laima za ta ci gindinta. Kada kuma a kafa shi a jikin ajin zana. Ba mu manta da gobarar da ta tashi a wata makarantar Maraɗi a watan Nuwamba na 2021 ba, inda yara fiye da 20 suka rasu cikin azuzuwan zana, Allah ya jiƙansu. Busasshen katako ba ya zama kusa da ajin zana, kuma ba ya tare hanyar fita.

Sai gara. Katakon palet mai laushi ne, abincin gara ne na gaske. Kada gindinsa ya taɓa ƙasa: a ɗora shi kan bulo ko duwatsu, a riƙa barbaɗa toka a kewaye, yara su riƙa leƙawa duk mako, in sun ga hanyar gara su karya ta. Na san al'adarmu ta shafa baƙin mai a jikin azara. A rumfa wannan daidai ne, amma ban da katakon da ganyen miya zai kwanta a kansa. In dirkar da za a binne ce, a babbaka gindinta a wuta ta yi baƙi tukuna.

Ina za a fuskantar da shi? Wannan tambaya ita ce ke raba garkar da za ta rayu da wadda za ta ƙone. A watannin sanyi rana ta kudu take ratsawa, saboda haka wanda ya kalli arewa ba zai sami rana sosai ba. Wanda ya kalli yamma, ranar la'asar za ta dafa tukwanen, musamman na roba. Mafi alheri ya kalli gabas ko kudu maso gabas, ya sha hantsi, da yamma ya samu inuwa. Sai dai ta gabas ɗin ne hunturu ke busowa. Maganinsa a kafa ɗan shingen kara ko zana da 'yar tazara a gabansa, mai tare iska ba tare da ya tare rana ba. Shingen nan dai shi zai tare akuya. Kada wani ya ruɗi kansa cewa tsayi ya isa: jar akuyarmu ta Maraɗi in ta miƙe kan ƙafafun baya, layi biyu na ƙasa nata ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Ƙasar da za a zuba a haɗa ta kashi uku: ƙasar gona, da taki wanda ya ruɓe sarai, da ɓawon gyaɗa. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Ɓawon gyaɗar a daddaka shi sama-sama, a jiƙa shi, a bar shi kwanaki ya fara ruɓewa kafin a gauraya. Shi ne zai rage nauyi, ya riƙe laima, ya bar saiwa ta sha iska. Kowace tukunya a huda gindinta, a jera su ta yadda ɗigon ta sama zai faɗa cikin ta ƙasa, a ajiye kwano a can ƙarshe a tari ragowar a mayar.

Me za a shuka? Abin da saiwarsa ba ta nisa, kuma ake cin ganyensa. Alayyafo, wanda cikin mako uku zuwa huɗu an fara tsinka. Salati a lokacin sanyi. Albasa don lawashi. Na'ana'a a layin ƙasa inda laima ta fi zama, ɗoɗɗoya a sama inda ya fi bushewa. Yakuwa da lalo in zafi ya fara, a riƙa yanka su tun suna ƙanana. Kabewa, da rogo, da babban tumatir, a bar su ga ƙasa. Zogale ma itace ne, ba na tukunya ba, amma a dasa biyu ko uku cikin shingen, su ba da inuwa su ba da ganye. In ƙwari suka taso, ba a kawo maganin feshi cikin yara: a daka 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da yamma.

Ganyen nan ba abin rainawa ba ne. Koren ganye na ɗauke da sinadarin da ke kare yaro daga dundumi, yana kuma taimakawa wajen ƙarancin jini da ke damun yaranmu da matanmu. Amma ba zan yaudare ku ba: palet uku ba za su ciyar da makaranta ba. Ƙauyen da ke da fili da rijiya kusa, garkar ƙasa mai shinge ta fi yawan amfani nesa ba kusa ba. Abin da garkar tsaye ta fi ƙwarewa a kai shi ne koyarwa. Yaro ya auna ruwa da gwangwani ya rubuta. Ya gwada tukunya biyu, ɗaya an rufe bakinta da ɓawon gyaɗa, ɗaya a buɗe, ya ga wadda ta riga bushewa. Ya huda murfin gorar roba, ya kifa ta a gindin tsiro ranar Juma'a, ya dawo ya ga ko ta kai shi Litinin. Ɗan manomi ne, jikan manomi, amma wataƙila wannan ne karon farko da za a ce masa ya auna, ya kwatanta, ya faɗi dalili da bakinsa. Ruwan kuwa ba sai an ƙaro jarka daga mai ga-ruwa ba: ruwan alwala da na ɗauraye hannu wanda babu sabulu a ciki, a tara shi a bokiti, a zuba a gindin tsiro safe da yamma, ba a kan ganye ba.

Malamai, da girmamawa, ina da roƙo a gare ku. Kada garka ta zama wurin horo. Yaron da aka tura ban-ruwa don ya yi latti, ya tsani noma ke nan har girmansa. Kada kuma jan ruwa ya faɗa kan 'yan mata su kaɗai, maza su riƙe guduma. A raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowa ya taɓa guduma, kowa ya ɗauki bokiti. Abin da aka tsinka kuma a yi shi a fili: ko ya shiga tukunyar makaranta inda ake dafa wa yara, ko a raba musu su kai gida, ko a sayar a rubuta kuɗin a littafin da ɗalibai ke riƙe da shi, a sayi iri da su. Ranar da yara suka ga ganyen da suka wahala a kansa ya bi bayan babur ya tafi gidan wani, ranar garkar ta mutu, ko da ganyenta na nan kore. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata su sa ido a nan. Malamin gona na kwamin ma a gayyato shi, aikinsa ne.

Lokacin farawa shi ne da an koma makaranta a watan Oktoba: a tara kaya, a haɗa ƙasa, Nuwamba a shuka. A bar alayyafo biyu da salati biyu su yi tsawo su fitar da iri, a shanya, a zuba a kwalba, a rubuta suna da wata a jiki. In Yuni ya zo za a tafi babban hutu, kada a bar katakon a tsaye ruwan damina da gara su raba shi. A sauke tukwanen, kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya ya kai wa innarsa ta rataya a jikin danga, da sharaɗin zai dawo da ita. Katakon a kankare shi, a shanya, a ɗora shi kan bulo cikin aji, kwalbar iri kuma a ba darakta ajiya.

Makarantar da ta gwada, ta aiko mana da labari, ko ya yi kyau ko bai yi ba, musamman yawan ruwan da kuka zuba a rana da abin da ya fi jure wa hunturu, za mu karanta wa sauran makarantu su ji. A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)